Allurai a Bangon Ofis

Ni ne Nomau, masinjan ofishin sufeton makarantu,
shekara talatin da ɗaya ina sharar ɗaki guda.
Ban yi lakwal ba. Amma zauna, ka tambaye ni.

Ran da na kama aiki, taswira na manne a bango,
Damagaram a tsakiya kamar cibiya,
allurai tara kacal a jikinta:
biyu a Birni, ɗaya a Zango,
sauran sun watsu kamar awakin da suka ɓace wa makiyayi.
Mushe Zabairu ya ce, "Kowace allura lakwal ce.
In kana shara, bi a hankali,
kada ka kayar mini da gari."

A zamanin, in aka ji rurin motarmu daga nesa,
sai rumbuna su cika da yara.
Mu tarar da ƙauye ba ɗa ko ɗaya,
sai tari yana fitowa daga cikin hatsi.
Wani mai gari ya ɓoye nasa shida,
ya tura mana maraya mai ƙwantsa a ido.
Marayan nan ne, bayan shekara ashirin da ƴan kai,
ya cire masa yanar da ta rufe nasa idon.

Mun kwana uku cikin rairayi a hanyar Tanut,
da akwatin alli da allo sittin.
Ruwa ya ƙare, alli bai jiƙe ba,
Zabairu ya kira wannan nasara.

Ban san ranar da abin ya juya ba.
Na dai buɗe ƙofa wata Litinin
na iske dattawa huɗu da zakara a hammata,
sun taka tun asuba daga bayan Dirum:
"Mun yanka kara, mun kafa rumfa,
saura mai koyarwa."
Ni na soka allurarsu da hannuna,
ta saba'in da uku.

Ajin zana ba ya jin kiran gwamnati,
sai an gama girbi yake tsayuwa,
ruwan fari kuma ya sallame shi.
Duk da haka aka yi satifika a cikinsa.

Da allurai suka hana juna numfashi
sai takarda ta zo: a raba gida.
Mirriya ta ɗauki nata, Magarya ta ja kudu,
Matamaye ma ta fita da tukunyarta.
Ni aka aika sayen reza.
Na riƙe gefen taswira ana yanka,
ina jin abin a haƙarƙarina.

Allura ɗaya kawai na taɓa cirewa.
Rijiyar garin ta ƙafe, mutane suka tashi,
aka dawo mana da tuta da ƙararrawa.
Hujin na nan. Yatsana ya san wurin.

Yau ƴata Tsahara ke riƙe da aji a Garin Malam,
yara casa'in da huɗu, benci goma sha ɗaya.
Albashi kan yi wata biyu yana neman hanya.
Da yamma muryarta a dushe take dawowa,
ta ce, "Baba, kun shuka fiye da ruwan da ke akwai."
Ban musa ba. A garin nan
duwatsu sun fi famfo alkawari.

Sun zuba komai cikin na'ura yanzu.
Guntun taswirar ni aka bar wa,
yana rataye bisa gadona.
Jikata kan hau kujera ta karanta mini sunayen
da na shekara talatin ina gane su da yatsa.
In ta yi tuntuɓe, in gyara mata.
Sai ta juyo: "Kaka, ashe ka iya?"
In ce, "Ci gaba. Akwai saura ta gabas."